Su Maser na Tibiri da Mutum Biyu da Ba Su Cikin Littafin Asusunmu

Ƴan'uwa mata masu asusu, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na ƙauyukan da wannan takarda take isa ta hannun shugabannin ƙungiyoyi. A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar riba da ranar rabo, mun ɗauko labarin wasu mata da ba su zubi tare da mu, amma aikinsu da namu suna haɗuwa a ƙofar gida ɗaya. Su ne matan cocin Katolika da suka ba da rayuwarsu ga ibada da hidima, waɗanda a nan Nijar ake ce ma maser da bakin Faransanci, a Najeriya kuma a ce sista. Da yawa daga cikinmu mun san su da gani: ɗankwali iri ɗaya, tufa iri ɗaya, gicciye a wuya. Yadda suke tafiyar da aikinsu ne ba kowa ya sani ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauko labarinsu shi ne, a kowane gari akwai mutum biyu da littafin asusu bai san da zamansu ba. Na farko yaron da bai kai shekara 5 ba. Na biyu tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare. Ba su zubi, ba su cin bashi, ba su da kaso ranar rabo. Amma idan hatsi ya ƙare a rumbu, su biyun nan yunwa take fara kayarwa. Hidimar su maser a kan irin waɗannan mutane ta fi yawa, kuma akwai abin da za mu iya ɗauka daga cikinta ba tare da kowa ya bar addininsa ba.

Su wane ne su maser?

Maser mace ce da ta ɗauki alkawari uku a gaban cocinta: ba za ta yi aure ba, ba za ta mallaki dukiya ta kanta ba, kuma za ta bi umarnin shugabannin ƙungiyarta. Suna zama gida ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Wadda take koyarwa a lakol ko take aiki a likita, in an biya ta albashi, ba aljihunta yake shiga ba, asusun gidan yake shiga. Kun ga ke nan, ta wannan fuska su ma masu akwati ɗaya ne kamar mu, sai dai su babu ranar rabo.

Kiristoci a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, ƴan Katolika kuma wani ɓangare ne daga cikinsu. Cocin Katolika ya kasa ƙasar nan gida biyu, Yamai da Maraɗi. Yankin Maraɗi an kafa shi a 2001, ya haɗa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa, bishop ɗinsa na farko kuma shi ne Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Tun da mabiyan nasu kaɗan ne, yawancin waɗanda suke shiga makarantunsu da gidajen shan maganinsu Musulmi ne. A Yamai, makarantar Mariama da su maser daga Kanada suka buɗe a farkon shekarun 1960 ta yaye ƴan mata masu ɗimbin yawa da suka zama malamai da likitoci da ma'aikatan gwamnati.

Matar da ta taso daga Dakar

Waɗanda suka fi kusa da mu su ne na Tibiri, garin Sarkin Gobir, ƴan kilomita kaɗan daga Maraɗi. Sunan ƙungiyarsu Fraternité des Servantes du Christ, wato ƴan'uwantakar masu yi ma Almasihu hidima. An kafa ta a 2006, kuma ita ce ƙungiyar su maser ta farko da aka haifa a cikin ƙasar Nijar. Sauran duk daga waje aka kawo rassansu.

Wadda ta kafa ta ita ce Marie-Catherine Kingbo, daga Senegal. Ba ƙaramar mace ba ce a can. Ta yi shekara 12 tana shugabancin Filles du Saint-Cœur de Marie, tsohuwar ƙungiyar su maser ƴan Afirka da aka kafa a Dakar tun 1858. Da ta sauka daga shugabanci sai ta tafi birnin Paris ƙarin karatu, cikin abin da ta karanta har da addinin Musulunci. Mace mai irin wannan matsayi da shekaru, da ta so sai ta koma Dakar ta huta a bakin teku. Sai ta zaɓi Maraɗi, ƙasar da ba ta san kowa ba, ba ta jin harshenta, kuma kusan kowa a cikinta Musulmi ne.

Ku tuna lokacin da ta zo. Shekara ɗaya ke nan da yunwar 2005, wadda fari da fara suka jawo, farashin hatsi ya yi tashin da talaka ba ya iya kama shi. A wannan shekara kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Manya daga cikinmu ba su manta layin uwaye da goyo a ƙofar cibiyoyin ba. Bayan da yunwa ta lafa, motocin agaji da yawa sun kama hanya. Ita kuwa a lokacin ta kafa gida.

Daga nan aikin ya bazu zuwa ƙauyuka sama da 100. A Ɗan Bako suka buɗe cibiyar ciyar da yara masu tamowa da mata masu ciki. A Tibiri suka gina lakol, tare da gidan kwana na ƴan mata da aka kawo daga ƙauyuka. Sun riƙa ba mata ƙananan basussuka na sana'a, abin da mu muka fi kowa sani. Sun kuma riƙa tara mata da matasa da masu gari da limamai, a zauna a yi magana a kan auren wuri da karatun ɗiya mace da lafiyar mai ciki. Uwa Marie-Catherine ta rasu a 2021, amma ƴan ƙungiyarta suna nan suna ci gaba da abin da ta bari.

A lura da abu guda a cikin wannan tsari: ba su tsallake masu gari da malamai ba. A ƙasar da ƴan mata 3 cikin 4 ake aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi ma abin ya fi haka, baƙuwa Kirista in ta tsaya a dandali ta ce a daina, ba mai saurarenta. Da ta zauna da waɗanda ake jin maganarsu, ta saurare su, suka saurare ta, sai maganar ta samu ƙofar shiga gidaje. Mu ma mun san wannan. Ƙungiyar da ta fara da gaishe da mai gari da matar liman ta fi daɗewa a kan wadda ta fara da rigima.

Yaro ba ya faɗin yunwarsa

Abin da cibiya irin ta Ɗan Bako take yaƙi da shi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tamowa ba ta shigowa da ihu. Yaro ya yi zawo, ya yi masassara, ya ƙi cin abinci, a ce haƙori ne. Uwa ta samu wani ciki a yaye shi da wuri, a ɗora shi a kan kunun hatsi tsarara. Sannu a hankali ya daina wasa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, damtsensa ya zama kamar kara. Wani kuma sai ya kumbura, a yi tsammanin ƙiba ce. Abin ya fi tsanani daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, uwaye suna gona, sauro kuma ya kawo zazzaɓi.

Ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi, na mishan ko na gwamnati, hanyarsu ɗaya ce, kuma ba ta gagari kowace uwa ba. Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna kore, lafiya lau. In ya nuna rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaro ya fara ramewa, a kai shi likita a wannan satin. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, to ba a kwana, a ɗauke shi a tafi. Sai gwaji na biyu: ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In kin ɗaga yatsa rami ya zauna a duka ƙafafun, wannan kumburin tamowa ne, shi ma ba a kwana. A nan Nijar, a yankin Mirya, aka gwada koya ma uwaye yin wannan awo da hannunsu, aka ga suna gane yaron da ya kamu da wuri, kafin ya kai ga kwanciya a asibiti. Yau ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan dabara. Tun 2006 kuma doka ta ce jinyar yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ce a likitar gwamnati, ko da yake kowa ya san wani lokaci a je a tarar magani ya yanke.

Maganin da ake ba mai tamowa mai tsanani, wannan ƙullin gujiya da madara na cikin ƴar leda, magani ne na yaro guda, a kan awo. In aka raba shi da yayyensa, ko aka kai shi kasuwa, yaron da aka rubuta ma shi ne zai koma ja. Bayan an sallame shi kuma, abin da zai hana shi komawa yana cikin gidajenmu: nono zalla har wata 6, daga nan kunun da aka haɗa da garin wake da gujiya da ɗan mai, da ganyen zogale a miya, da ƙwai in kaza ta yi. Su maser da ma'aikatansu suna maimaita ma uwaye wannan karatu sati bayan sati, ba su gajiya. A nan ƙarfinsu yake. Ranar awo ranar awo ce, ko an yi ruwa ko an yi rana, kuma sunan kowane yaro yana cikin littafi.

Tsohuwar da aka goyo a baya

Aikin Tibiri an fi saninsa ta wajen yara da mata. Ta wajen tsofaffi kuwa, labarin da ya fi shahara a cikin su maser ya faru ne nesa da mu, a Faransa, kusan shekara 200 da suka wuce. Mun kawo shi ne don matan da suka fara abin talakawa ne kamar mu, da kuɗin guminsu suka fara.

A garin Saint-Servan, a bakin teku, akwai wata mata mai suna Jeanne Jugan, ɗiyar masunci, wadda ta yi rayuwarta tana aikatau a gidajen mutane da jinya a asibiti. Tana haya tare da wata dattijuwa mai kaɗi da wata yarinya marainiya, suna haɗa abin da suka samu. A cikin sanyin 1839, tana da shekara 47, ta tarar da wata tsohuwa makauniya, jikinta ya shanye, ba ta da kowa. Ta goyo ta a baya, ta hau da ita ɗakinsu, ta kwantar da ita a kan gadonta, ita ta koma kwana a saman rufi. Ba a jima ba aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku. Cikin shekara 2 sun kama ɗakin da ya ɗauki tsofaffi 12, a shekara ta gaba suka samu gidan da ya ɗauki 40.

Yawancin tsofaffin nan da bara suke ci kafin a ɗauke su. Jeanne ta ce su zauna, ita za ta yi barar a madadinsu. Ta ɗauki kwando ta riƙa bin gidaje da kasuwa, mai burodi ya ba da wanda ya kwana, mai tufa ya ba da tsohuwar riga, mai kuɗi ya ba da abin da ya sawwaƙa. Daga wannan kwando ƙungiyar Petites Sœurs des Pauvres ta fito, wato ƙananan ƴan'uwan talakawa. Ba a ma bar ta ta ci gaba da shugabanci ba: wani limamin coci ya ture ta gefe, ta ƙare rayuwarta a cikin ƙananan ɗalibai, da yawansu ba su san ita ta kafa gidan ba. Da ta rasu a 1879, ƴan ƙungiyar sun kai 2,400. Yau suna da gidajen tsofaffi a nahiyoyi biyar, har da Enugu a Najeriya da Annaba a Aljeriya, inda tsofaffin da suke kula da su kusan duk Musulmi ne.

Namu tsofaffin fa?

Za ki ji wata ta ce, ai mu ba Turawa ba ne, ba mu zubar da iyayenmu. Gaskiya ne, gidan tsofaffi ba al'adarmu ba ce, kuma ba shi muke kira a gina ba. Addini da tarbiyya duk sun ɗora mana haƙƙin iyaye. Amma mu duba unguwanninmu da idon gaskiya. Akwai tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, miji ya rasu, dangin miji sun raba gona. Akwai wadda ƴaƴanta maza suka tafi cin rani Legas ko Libiya ko Aljeriya, shekara ta zagayo ba aike ba labari. Akwai wadda aka bar ma jikoki huɗu, uwarsu ta sake aure ko ta bi hanyar Arewa. Mutanen Kance ba za su manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abinci. Duk matar da ta kama irin wannan hanya, akwai tsohuwar da ta bari a gida.

Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne. Wadda ta ƙare ƙarfinta a gona da turmi da bakin rijiya ba ta da takardar da za ta kai ko'ina. Ga haƙora sun zube, tuwon da ya kwana ba ya tauno. Ga ido ya rufe, a ce tsufa ne, alhali sau da yawa yanar ido ce, wadda likitan ido yake cirewa da ɗan gajeren aiki mutum ya koma gani. Ga hawan jini da ba a taɓa aunawa ba. Sanyin Disamba da Janairu ya same ta ba bargo, zafin Afrilu da Mayu ya same ta ba mai ɗebo mata ruwa. Mafi muni, in ta cika zama ita kaɗai tana magana da kanta, sai a fara raɗa cewa mayya ce, yara su daina shiga gidanta. Kuma irin wannan tsohuwa, kunya ba ta barinta ta roƙa. Sai dai ki ga hayaƙi bai tashi a gidanta ba kwana biyu.

Wasu daga cikinsu ma tsofaffin ƴan asusu ne. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, an haura shekara 30. Matan da suka fara zubi da dala biyar biyar a wancan lokaci, waɗanda dabararsu ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, yau sun tsufa. Wadda ta kasa zubi sati uku, huɗu, sai a cire sunanta bisa doka, shi ke nan. Dokar tana da dalilinta, don in ba ita akwati ba ya tsayawa. Amma cire suna daga littafin zubi bai kamata ya zama cire mutum daga ido ba.

Maganar da ake yi ƙasa ƙasa

Ba za mu rufe wannan labari ba mu taɓo abin da yake zuciyar wasu ba. Akwai masu tsoron cewa wanda ya ci abincin mishan, ko ya sa ɗiyarsa a lakol ɗinsu, wata rana za a canza mata addini. Uwa tana da haƙƙin ta yi tambaya, kuma ya kamata ta yi: me ake koya ma yarinyar, yaushe take zuwa hutu, an ba ta damar yin sallarta? A je a gani da ido, a tafi da liman ko mai gari in ana so. Su maser ba su ɓoye cewa imaninsu ne ya kawo su. Abin da aka gani a ƙasa kuma shi ne, shekaru sama da 60 ana karatu a makarantun mishan a ƙasar nan, waɗanda suka fito daga cikinsu mafi yawa Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, wasunsu alhazai ne da hajiyoyi a yau.

Mun kuma ga abin da zargi da fushi suke haifarwa. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona coci da dama a Damagaram da Yamai, har da makarantu da gidan marayu, mutum 10 suka rasa rayukansu. Waɗanda suka yi zanen suna can nesa, ko hayaƙin bai kai gare su ba. Yaran unguwa ne suka wayi gari ba aji. A cikin waɗannan ranaku kuma an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa. A ƙungiyoyinmu ma, a birni da wasu ƙauyuka, akwai inda Musulma da Kirista suke riƙe da makullan akwati ɗaya, ba a taɓa jin kansu ba.

Abin da akwatinmu zai iya

Ba mu ce mu zama su maser ba. Su ba su da miji ba su da goyo, lokacinsu duka na aikin ne, kuma suna samun gudummawa daga masu taimako na ƙasashen waje. Mu muna da gona da girki da yara da bashin da za mu biya. Amma muna da abin da su sai sun yi shekaru kafin su samu: a nan aka haife mu. Mun san gidan da aka yi yaye, mun san gidan da aka yi takaba, muna shiga har ƙuryar ɗaki ba mai tambayarmu. Kuma muna da taro kowane sati, wanda ba a fasawa. Ga shawarwarin da muke so kowace ƙungiya ta tattauna a zamanta na gaba.

Na farko, a buɗe shafi guda a bayan littafi, a rubuta sunayen tsofaffin unguwa da ba su da mai kula da su, da yaran da aka ga alamar rama a jikinsu. Wannan shafi sirrin ƙungiya ne, ba na hira a bakin rijiya ba.

Na biyu, a duba asusun taimako, wannan ɗan zubin da muke yi a gefe don rashin lafiya da rasuwa da gobara. A ƙungiyoyi da yawa ƴan ƙungiya kaɗai yake yi ma aiki. A yi lissafi: mata 30, kowace ta ƙara dala biyar a sati, dala 150 ke nan, wato sefa 750. A shekara ya kama jika 39. Wannan zai biya kuɗin mota a kai yaro likita, ya kai tsohuwa wurin likitan ido, ya sayi bargo da sabulu. A rubuta shi dabam, a ƙirga shi a gaban kowa kamar sauran kuɗi, kuma a amince tun farko cewa kyauta ne, ba bashi ba.

Na uku, da kaka, lokacin da hatsi yake da araha, kowace ta kawo tiya ɗaya. Tiya 30 ta kusa cika buhu, tun da tiya 40 ce buhu. In aka ƙara da wake da gujiya, a ajiye a ɗakin ma'ajiya, kada a taɓa sai watan Yuni.

Na huɗu, a nemi zaren awo a wurin ma'aikatan likita ko wakiliyar lafiya ta gari, a roƙe su su koya ma mata biyu a cikin ƙungiya. Sau ɗaya a wata, bayan an rufe akwati, a auna yaran da aka zo da su taro. Wanda ya nuna rawaya ko ja, wata ta raka uwarsa. Sau da yawa abin da yake hana uwa tafiya shi ne ba mai riƙe mata sauran yaran, ko mai gida bai ba da izini ba. A nan dattijuwar ƙungiya take da amfani, ita ce za ta je ta ce, Malam, a yi haƙuri a bar ta ta kai yaron nan yau.

Na biyar, a raba ziyara. Kowace tsohuwa da ke cikin shafin a ba ta mata biyu da za su riƙa leƙa ta, wannan ran Litinin, waccan ran Alhamis. A shiga da sallama, a ce Inna ina kwana, Kaka yaya ƙarfin jiki, a duba randa, a duba murhu. In za a kai mata abu, a kai da dare ko a cikin kwano rufe, kamar yadda ake kai ma uwa, kada a tara mata yara a ƙofa, kada a ɗauki hotonta a waya. A kuma zauna a ji ta bakinta. Da yawansu sun san maganin gargajiyar da ya dace da wanda bai dace ba, sun san tarihin kowace gona, kuma kaka ce take yanke hukunci a kan abin da jika zai ci. In ta gamsu da kunun wake, gidan duka ya gamsu. Zumunta a ƙafa take.

Ƙungiyoyin da suke kusa da Tibiri ko Ɗan Bako, ko wani gari da yake da su maser, ba laifi shugaba da ma'ajiya su je su gaishe su, su ga yadda suke riƙe littafin yara da yadda suke haɗa garin kunu. Su ma za su ƙaru da mu, don babu wanda ya fi mu sanin yadda ake ba mace bashi ta biya ba a ɓata ba.

Duk ƙungiyar da ta gwada ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari, ta aiko mana da labari ta hannun mai kula da yankinta: nawa aka tara, me aka yi da shi, ina aka samu cikas. Za mu buga don wasu su koya. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba mu ikon riƙe tsofaffinmu da mutunci, ya sa albarka a akwatunanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai kyau. Amin.